Tifa ta murƙushe keken ɗana, na kulle keken ya daina yi mini magana

Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 17, shekara biyu ke nan da keke yake zuwa makaranta. Makonni uku da suka wuce yana tsaye a danja a gefen wata tifa, da aka ba su hannu sai tifar ta karya kwana ta kansa. Allah ya sa ya yi tsalle ya faɗa gefe, tayar baya ta bi ta kan gaban keken ta murƙushe shi. Ƙujewa kawai ya samu a gwiwa da hannu. Direban ya rantse bai gan shi ba. Babansa ya kai keken an gyara, ni kuma na sa sarƙa na kulle shi, makullin yana hannuna. Yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da yaron. Cewa yake yi shi ne da gaskiya, direban ne bai kunna sigina da wuri ba, don me za a hukunta shi. Babansa kuma ya ce tsoro ya yi mini yawa, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na ga wani allon faɗakarwa da ke cewa mai keke ya sa hular kwano da riga mai ƙyalli, na saya masa duka biyu, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In ba shi makullin, ko in tsaya a kan bakana?

Uwa mai fargaba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun wuri ɗaya na tsaya, inda kika ce tayar baya ta bi ta kan gaban keken. Tsakanin tayar gaban keke da ƙafar mai tuƙa shi bai fi kamu ɗaya ba. Duk uwar da aka kawo mata wannan lanƙwasasshen ƙarfe aka ce ɗanta ne a kai, za ta nemi sarƙa da kwaɗo. Ban ga laifinki ba, kuma ban yarda da maigidanki cewa tsoronki ya yi yawa ba. Daidai yake da girman abin da ya faru.

Duk da haka, shawarata ita ce ki ba shi makullin. Ba yau ba, kuma ba don kin sayi hula ba. Akwai abin da nake so ya gani da idonsa tukuna.

Zuciyarki da ta ƙi kwanciya bayan sayen hula da riga, gaskiya take gaya miki. Hular kwano abu ce mai amfani, ya riƙa sa ta kullum, ya kuma ɗaure igiyarta a haɓa. Sai dai ki san aikinta. Irin gwajin da ake yi wa hular keke a Turai kafin a sayar da ita, na faɗuwa ne kamar a gudun kilomita 20 a awa, wato mutum ya zame ya buga kansa da kwalta ko bakin titi. Don wannan aka yi ta. Tifa cike da yashi tana iya haura tan 30, ɗanki da kekensa da jakar littattafansa ba su kai kilo 100 ba. Wanda tayar babbar mota ta hau, yawanci a ƙirji da ciki da ƙugu yake samun raunin da ke kashewa, inda hula ba ta kai ba. Riga mai ƙyalli kuwa tana taimakon direban da idonsa zai iya kaiwa kan yaron. Idan yaron yana tsaye a wurin da gilashi da madubi duka ba sa nuna shi, ko fitila ya ɗaura a ka ba wanda zai gani.

Wannan ya kawo mu kan rantsuwar direban. Na san da zafi ki ji wanda ya kusa kashe miki ɗa yana cewa bai gan shi ba. Amma akwai yiwuwar gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ita ce abin tsoron. Direban babbar mota yana zaune ne a sama, idonsa ya fi mita biyu daga ƙasa. Mu da ke ƙasa sai mu ɗauka wanda ke sama yana ganin kowa. Yana hango nesa sosai, amma abin da ke gindinsa ba ya gani. Akwai wurare huɗu da suke ɓoye masa: dab da gaban motar ƙarƙashin gilashi, bayanta, gefen ƙofarsa kaɗan, da kuma mafi girma, gefen fasinja, wato ɓangaren da ke bin bakin titi. Wannan na ƙarshen yana farawa daga ƙarƙashin ƙofar fasinja ya buɗe zuwa baya kamar mafici. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, gefen dama ne. A irin su Ingila da ake bin hagu, gefen hagu ne. Ni ina kiran wurin inuwar mota. Abin takaici, nan ne daidai inda aka koya wa kowane mai keke ya raɓe tun yana yaro: bi gefe, kada ka shiga tsakiyar titi. A doguwar hanya miƙaƙƙiya shawarar tana da ma'ana. A mararraba, kusa da babbar mota, ita ce ke kai mutum cikin inuwar.

Za ki ce ai akwai madubai. Akwai. Manyan motocin zamani a Turai suna ɗauke da madubi har shida. Amma direba ido biyu gare shi, kuma a daidai lokacin da danja ta ba da hannu yana duban motar gabansa, da masu tsallaka titi, da madubin wancan gefen, yana sa giya. Kafin ya gama zagaye madubansa ya dawo kan na farko, daƙiƙu sun wuce, kuma daƙiƙa biyu sun ishi keke ya sulale ya shiga inda a dā ba kowa. Ga shi madubin da ke kama wuri mai faɗi a lanƙwashe yake, yana mai da mutum ɗan mitsitsi, kamar yana nesa alhali yana kusa. Ƙara da ƙura, da ruwan sama, da rana idan ta haske gilashi, da madubin da ya karkace ba a gyara ba, da motar da ta tsufa ba ta ma da rabin waɗannan madubai.

Abu na biyu da nake so ɗanki ya fahimta shi ne wanda ya murƙushe masa keke. Tayoyin bayan doguwar mota ba sa bin sawun na gaba idan ana kwana. Yanke hanya suke yi, su bi ta ciki. Gwargwadon tsawon motar, gwargwadon yadda suke yankewa. Kan motar zai wuce ka lafiya lau, ka ce ka tsira, sai ka ga bodin yana matsowa yana rufe ka kamar ƙofa, tayoyin baya na biye. Saboda direba ya san haka, idan zai karya kwana zuwa gefen titi sai ya fara buɗewa zuwa ɗaya gefen don ya samu fili. A nan tarkon yake. Mai keke da ke baya sai ya ga motar ta kauce, fili ya buɗe tsakaninta da bakin titi, ya ɗauka an ba shi hanya ne, ko motar ɗaya gefen za ta bi. Sai ya shige. Filin nan kuwa na tayoyin baya ne, kuma cikin ƙiftawar ido za su zo su cike shi. Idan akwai shingen ƙarfe ko lambatu ko motar da aka ajiye a gefen, babu inda zai faɗa. Ɗanki ya samu wurin faɗawa. Da yawa ba su samu ba.

Kada ki ɗauka wannan matsalar titi ɗaya ce ko gari ɗaya. A Landan, hukumar sufurin birnin ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2017 manyan motocin kaya kashi 4 cikin ɗari kawai suke na tafiyar da ake yi a titunan birnin, amma suna da hannu a kashi 63 cikin ɗari na haɗurran da suka kashe masu keke. Birni ne mai tituna masu kyau da fitilu da dokoki da direbobi masu lasisi. Matsalar tana cikin ƙirar motar kanta da wurin da keke ke tsayawa.

To ga abin da nake so ki yi kafin makullin ya bar hannunki. Ki sa babansa ya nemo direban babbar mota, wanda ya sani ko wanda wani ya sani, ya roƙe shi minti ashirin a wurin da suke ajiye motoci, injin a kashe, an ja birkin hannu. Ɗanki ya hau ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari, ya jingina kamar mai tuƙi. Babansa kuma ya tura keken ya tsaya daidai inda yaron ya tsaya ranar da abin ya faru, a gefen fasinja, kusa da tayar gaba. A ce wa yaron ya nemo babansa. Zai duba gilashi, ya duba madubi, ya miƙa wuya. Sannan baban ya riƙa matsawa taki ɗaya ɗaya, gaba, baya, gefe, yaron yana faɗin lokacin da ya gan shi da lokacin da ya ɓace. Daga nan ya tsaya dab da gaban motar. Idan da alli, a zana iyakar wurin a ƙasa, yaron ya sauko ya ga faɗinsa. Ki je ke ma, ki hau ki gani. Maigidan ma su yi musanya da yaron ya hau.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. 'Yan sandan Landan sun shafe shekaru suna yin haka a bakin titi: su ajiye babbar mota, su gayyaci masu keke su hau kujerar direba, wani jami'i ya tura keke a gefe. A can kuma akwai horon da ake yi wa direbobin manyan motoci inda ake sa su hau keke su shiga titi, su ji yadda iskar tirela ke kaɗa mutum. A duk faɗakarwar da na sani kan wannan batu, ita ce na fi yarda da ita, domin ba ta buƙatar yaro ya yarda da maganar kowa. Saurayi mai shekara 17 zai iya musa maganar uwarsa, zai iya musa tawa. Ganin mahaifinsa, namiji cikakke, ya ɓace ƙurmus alhali yana tsaye taki biyu daga ƙofar, wannan ba ya musuwa.

Bayan ya sauko ne za ku yi maganar sharuɗɗa, kuma kada su yi yawa. Idan kika jera masa ashirin, ba zai riƙe ko ɗaya ba. Babba a cikinsu, wanda idan shi kaɗai ya riƙe na gode Allah: kada ya taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi a kusa da mararraba, ko shataletale, ko ƙofar wani wuri da mota za ta iya shiga. Ko motar a tsaye take. Ko ba ta kunna sigina ba. Ko akwai layin keke a zane a wurin, domin fenti ba ya tare taya. Idan ya iske tifa ko tirela ko tanka ko doguwar bas a tsaye a danja, ya tsaya a bayanta, da tazara, ya bar ta ta gama abin da za ta yi. Da tazara na ce, saboda babbar mota takan ɗan gangaro baya kafin ta tashi, musamman a hawa, kuma direba ba ya ganin abin da ke manne da bayansa. Abin da zai rasa bai wuce rabin minti ba.

Amma akwai halin da ba shi ya je wurin motar ba, ita ta zo ta same shi. Yana tsaye a danja shi kaɗai, sai tifa ta zo ta tsaya a gefensa ko dab da bayansa. Wannan ne mutane ba sa koya wa yara. A nan kada ya tsaya yana jiran danja da tunanin ai shi ya riga zuwa. Idan akwai fili a gaba, ya matsa sosai, taki biyar ko fiye, ya juyo ya kalli direban ido cikin ido, ya ɗaga masa hannu har ya ga ya amsa. Idan ba fili, ya sauka ya ɗaga kekensa ya hau gefen masu tafiya a ƙasa, ya bar motar ta wuce. Ba abin kunya ba ne. Za ki ga an rubuta a bayan wasu motoci cewa idan ba ka ganin madubina ba na ganinka. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Ganin madubin ba ya nufin direba yana kallonsa a wannan lokacin. Ido cikin ido kaɗai ne tabbaci.

Sigina kuma, ya ɗauke ta a matsayin ƙarin bayani kawai. Kwan fitila yana mutuwa, laka tana rufe shi, direba yana mantawa, kuma wanda ke tsaye a tsakiyar tsawon mota ba ya ganin na gaba ba ya ganin na baya. Tayar gaba ta fi sigina faɗin gaskiya, amma ita ma kada ya sakankance da ita, don takan fara juyawa ɗaya gefen kafin motar ta karyo kwana ta kansa.

Saura ƙananan abubuwa, zan wuce su da sauri. Birkinsa biyu su kama sosai, kuma tunda mota ta taka gaban keken, a sake duba ƙahon da wuyansa ko akwai tsagewa, don ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar yakan karye daga baya ba sallama. Fitila fara a gaba, ja a baya, da zarar gari ya fara duhu. Babu abin sauraren waƙa a kunne, domin kunne ne ke gaya wa mai keke abin da ke bayansa. Idan babbar mota na wuce shi da gudu, iskarta takan ture mutum sannan ta jawo shi ciki, don haka ya riƙe kan keken da hannu biyu, ya rage gudu. Kada ya manne da motocin da aka ajiye a gefe, ƙofa ɗaya da aka buɗe ba a duba ba ta isa ta wurga shi gaban mota. Kuma kada ya taɓa yanko gaban babbar mota ya taka birki, don mota mai lodi tana buƙatar doguwar tazara kafin ta tsaya, kuma duk lokacin da gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take yi.

Hanyar da yake bi ma a sake dubawa. Ranar da ba makaranta, shi da babansa su bi ta tare, su ƙirga mararraba nawa ne manyan motoci ke karya kwana a cikinsu. Sau da yawa akwai wata hanya ta cikin unguwa da ta fi tsawo da minti biyar amma tifa ba ta bi. Idan dole sai an ratsa wannan mararrabar, ya sauka ya tura keken ya tsallaka da masu tafiya a ƙasa. Ki bar shi ya zaɓi hanyar da kansa daga cikin waɗanda suka dace. Abin da yaro ya zaɓa ya fi riƙe shi.

Yanzu maganar da ta fi damunsa, wato gaskiya. Yana iya yiwuwa yana da ita. Ki tambaye shi a hankali, ba cikin faɗa ba, wa ya riga isa danjar. Idan shi ya riga, tifar ta zo ta tsaya a gefensa sannan ta karya kwana ta kansa, to laifin direban ne ƙarara, domin ya wuce shi da idonsa kafin ya tsaya, ya kamata ya tuna akwai mutum a wurin. Idan kuwa shi ya sulale ta gefenta tana tsaye, to ya shiga inuwar da ƙafarsa, ko da yake wannan bai sauke wa direba nauyin kunna sigina da wuri da duba madubi da yin kwana a hankali ba. Ko wanne ne, ki faɗa masa da bakinki cewa kin yarda an zalunce shi, kuma ba hukunta shi kike yi ba. Ina jin wannan kalmar yake jira makonni uku. A ganinsa mota ta kusa kashe shi, ya dawo gida uwarsa ta ƙwace masa keke, direba kuma ya tafi abinsa. Idan kuna da lambar motar, ku kai rahoto wurin 'yan sanda ko wurin masu motar, ya ga cewa kun tsaya masa. Daga nan ne zai iya jin sauran maganar: cewa a gefen mota mai tan 30, wanda ke da gaskiya da wanda ba shi da ita rauni iri ɗaya suke ji.

Ki kuma lura da shi. Fushin nan da yake yi, wataƙila tsoro ne ya sa masa rigar fushi. Yaron da ya ga taya ta wuce kusa da ƙafarsa yana iya kwana yana ganinta a mafarki, kuma saurayi ba zai ce miki tsoro yake ji ba. Idan barcinsa ya lalace, ko yana firgita da ƙarar mota, ko yana yawan ciwon kai da jiri tun ranar, ku kai shi likita ya duba shi, musamman idan ya buga kansa lokacin da ya faɗi. Wani dalilin da ya sa ban so kullen ya daɗe ba shi ne, yaro mai wannan shekarun idan aka hana shi nasa keken, na abokinsa zai ara, wanda ba ki san birkinsa ba, ya bi hanyar da ba ki sani ba, ba hula, kuma ba zai gaya miki ba.

Maigida kuma, a gaishe shi. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun wannan, amma ai shi ma yana kulle ƙofa da dare. Allah ya ce tashi in taimake ka. Kada ki ja gardamar da shi a gaban yaron. Ba shi aikin nemo direban da tura keken, zai fahimci sauran da kansa idan ya hau kujerar.

Bari in koma kan allon da kika gani, don yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ƙarya aka rubuta a kai ba. Amma ki lura, yawancin allunan faɗakarwa da mai rauni suke magana: sa hula, sa riga, kula da kanka. Shi ne mafi arha, a buga hoto a kafa a ce an yi aiki. Inda aka samu canji na gaske, an juya ne kan motar da titin. A watan Nuwamba na 2013 masu keke shida suka mutu a titunan Landan cikin mako biyu, mutane suka fito suka kwanta a kan titi da kekunansu a gaban ofishin hukumar sufuri. A watan Satumba na 2015 birnin ya hana duk motar kaya da ta haura tan 3.5 shiga sai tana da ƙarin madubai da shingen ƙarfe a gefe, tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda ke ture mutum waje maimakon ya faɗa ƙarƙashi. Daga Maris na 2021 kuma suka fara aiki da tsarin ba wa motocin da suka haura tan 12 taurari, daga sifili zuwa biyar, gwargwadon abin da direba ke iya gani kai tsaye ta gilashi ba ta madubi ba. Motar da ba ta kai ma'auni ba sai an sa mata kyamara da na'urar gargaɗi kafin a ba ta izinin shiga. A Jamus, tun Afrilun 2020, motar da ta haura tan 3.5 idan za ta karya kwana dama a cikin gari, da saurin tafiyar ƙafa doka ta ce ta yi, kuma mai wuce keke a cikin gari sai ya bar tazarar mita ɗaya da rabi. Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci, daga Yulin 2024, na'urar da ke sanar da direba idan akwai keke a gefensa. Faransa kuma tun farkon 2021 ta sa a manna wa manyan motoci takarda mai nuna wuraren da direba ba ya gani. A cikinsu duka, ta Faransa ce na fi raina wa ƙarfi, don ita ma mai keken take gaya wa ya kula, motar tana nan yadda take. Ta Jamus ce ta fi burge ni, saboda ba ta buƙatar sayen komai. Direban da ke kwana da saurin tafiyar ƙafa yana da lokacin duba madubi, kuma idan ya ji ihu yana iya tsayawa nan take.

Na kawo miki waɗannan ne saboda tsoron da ke cinki yana da inda za a kai shi ya yi amfani. Holan da ake misali da ita yau wajen hawan keke, ba haka ta tashi ba. A 1971 mutane fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, yara fiye da 400 a ciki. Iyaye ne suka tashi da gangami mai taken a daina kashe yara, suna tare tituna, suna zuwa wurin hukumomi ba gajiya, har aka fara ware wa keke hanyarsa daban da ta mota, da shinge na gaske, aka sake fasalin mararraba. Ban ce ki je ki tare titi ba. Amma ɗanki ba shi kaɗai ke zuwa wannan makarantar da keke ba. Ki samu shugaban makarantar ko taron iyaye, ki ba da labarin abin da ya faru, ki nemi a gayyato jami'an kiyaye haɗurra da direba ɗaya da motarsa su shigo filin makaranta rana ɗaya, kowane yaro ya hau kujerar. Ku rubuta wa hukumar da ke kula da titin, da sa hannun iyaye da yawa, ku ambaci mararrabar da sunanta, ku nemi abu takamaimai: a ja layin tsayawar motoci baya a bar wa keke fili a gaba inda direba zai gan shi, ko a kafa madubi a jikin sandar danjar, ko a taƙaita wucewar manyan motoci a lokacin tafiya makaranta da tashi. Takardar da ta nemi abu ɗaya bayyananne ta fi samun amsa a kan wadda ta ce a yi wani abu. Kuma a wannan aikin ki sa ɗanki gaba. Shi abin ya faru da shi, shi zai fi iya gaya wa sa'o'insa yadda bodin tifa ke rufowa, kuma za su saurare shi fiye da yadda za su saurari kowane babba.

Ranar da zai fara komawa da keken, zuciyarki za ta yi ta bugawa har ya dawo, kuma haka za ta yi kwana da kwanaki. Ku yi yarjejeniya ya turo miki saƙo idan ya isa, bayan ya sauka ya ajiye keken, ba yana kan hanya ba. Makullin kuma ki miƙa masa da hannunki, kada ki ba babansa ya ba shi. Idan kun je wurin motar kun dawo, ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya fara faɗa da ya sauko daga kujerar direban.